Hunturu a Suleja: Yadda Za a Tsare Zabuwa da Ƙariya Har Sanyi Ya Wuce

Mutumin da ke zaune a Kurmi ba ya sanin shigowar hunturu yadda na gida ke saninsa. A Agege ko Idi-Araba, a Sabon Badun ko Shagamu ko Fatakwal, sai dai a wayi gari a ga ɗan hazo ya rufe sama kwana uku ko huɗu, leɓe ya ɗan bushe, shi ke nan ya wuce. A Arewa kuwa tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu ana fama da shi. Yara su riƙa gudun wanka, tsofaffi su kwana da wuta a kasko, ƙafa ta yi kaushi har ta tsage.

To, ba mutane kaɗai ke jin jiki ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke neman abinci a nan sun baro shuke-shuke a gida. Na wasu suna cikin tukwane a tsakar gida, na wasu shingen gona ne, na wasu kuma jari ne sosai, gama akwai mutanen Suleja da Madalla waɗanda sana'arsu ke nan, su reni furanni su sayar wa masu gidaje a Abuja. Sau da yawa mutum yakan je gida bayan sanyi ya wuce, ya tarar zabuwar da ya bari kore shar ta ruɓe tun daga gindi. In ya tambaya sai a ce masa sanyi ne ya kashe ta. Alhali kuwa in an bi sawun maganar za a ga sanyi ya yi nasa, amma bokitin ruwan da ake kwarara mata kowace yamma shi ya ƙarasa ta.

Masu Rumbun Ruwa a Jiki

Shuke-shuken da muke magana a kansu su ne masu ajiye ruwa a jikinsu, ko a ganye, ko a kara, ko a gindi. Kowa ya san su ko da bai taɓa haɗa su a layi ɗaya ba. Akwai zabuwa, wadda wasu ke kira kabar giwa, mai kaurin ganye da ɗigo-ɗigo irin na tsuntsuwar da ta ci sunanta. 'Yar'uwarta ce alobera da ta cika kasuwa yanzu, wadda mata ke shafa ruwanta a fata da gashi, ana kuma sa shi a ƙaramar ƙuna. Akwai ƙariya mai kumburarren gindi, wadda kan zubar da ganye da rani sa'an nan ta fid da jan fure a kan busassun rassa. Akwai moda mai miƙaƙƙen ganye kamar takobi, wadda mutanen dā ke fid da zare a jikinta su yi igiya da tsirkiyar baka. Har wa yau akwai karan masallaci, da ɗaɗɗori mai gaɓa-gaɓa, da tinya, da ƙerana, da aguwa wadda manoman Kano da Katsina da Maradi ke kafawa a gefen burtali don kada shanu su faɗa gona.

Dukkansu an yi su ne don ƙasar da ruwa kan ɗauke wata biyar ko shida. Fatarsu tana da kauri kamar an shafa mata kakin zuma. Da yawa daga cikinsu, kamar zabuwa da moda, ba sa buɗe ƙofofin numfashin da ke jikin ganyensu sai da dare, lokacin da rana ba za ta ƙafar musu da ruwa ba. Saiwarsu kuma ba ta yin zurfi, a saman ƙasa take bazuwa don ta tsotse ɗan yayyafin da ya samu kafin ya bushe. Irin wannan saiwa tana iya jure ƙishirwar watanni, amma ba ta iya jure zama cikin damshi ko da na 'yan kwanaki. A riƙe wannan magana, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Me ya sa abin ya fi shafar Suleja? Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan tsohon gidan sarautar Zazzau ya baro Zariya a zamanin jihadi. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya a 1976, sai garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin nan, balle ma bayan da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, gidaje da ofisoshi da otal-otal suka yawaita, kowa yana son ado a ƙofar gidansa. Shukar da a dā ake wucewa a daji ba a ko kallo sai ta zama abin kuɗi. Ƙariya mai babban gindi takan ɗauki shekaru kafin ta kai girman da za ta yi tsada, saboda haka wanda ya rasa ta cikin mako biyu ya yi asarar wahalar shekaru ke nan.

Yadda Sanyi Ke Kisa

Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri a lissafin santigiret. In ya daskare kuma yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka mance da ita a wurin ƙanƙarar firji ke fashewa. Ganyen zabuwa kusan dukkansa ruwa ne, a ajiye cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. In ƙanƙara ta kama cikinsa sai ta janye ruwan ɗakunan nan, ta kuma yayyaga bangonsu. Da asuba ganyen zai tsaya kamar ba abin da ya same shi. Da rana ta ɗaga ya narke sai ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, ya yi baƙi, ya zube. Watau rumbun ruwan da ke cetonsa a lokacin fari shi ne ajalinsa a ƙasar ƙanƙara.

An sha ganin haka a duniya. A watan Fabrairu na 2021 wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar Teksas ta Amurka, ya yi kwanaki bai ɗaga ba, ya kashe ɗimbin irin waɗannan shuke-shuke a gidajen mutane, har da tsofaffi waɗanda suka yi shekaru a tsaye. A watan Yuli na 1975 kuma sanyin dare ya ƙone gonakin kofi na jihar Parana a Birazil, har farashin kofi ya tashi a kasuwannin duniya. Kusa da mu ma, a saman duwatsun Azbin da ke arewa da Agadas, ruwa kan daskare da dare a tsakiyar sanyi. A Jos kuma ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu dararen Disamba da Janairu.

Suleja ba ta kai nan ba. Ruwa ba ya daskarewa a fili a ƙasar Suleja. Da tsakiyar hunturu zafin rana kan haura digiri 30, da asuba ya sauko wajen 15, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Saboda haka shawarwarin da mutum zai gani a littattafan Turai ko a intanet, na gina ɗakin gilashi da kunna na'urar ɗumama wuri da naɗe shuka cikin leda, ba namu ba ne. An rubuta su ne don ƙasashen da ƙasa kanta ke daskarewa.

Amma kada a ce don haka babu haɗari. Shukar ƙasar zafi takan fara jin jiki sosai in sanyi ya kusanci digiri 10, tun kafin a kai nan ma takan rage aiki. Da dare ya yi sanyi, iska ta bushe, sai ta shiga wani irin barci. Ta daina girma, saiwarta ta rage shan ruwa, ta koma cin abin da ta tara da damina. Wanda bai san da wannan barci ba shi ne ke cutar da ita da hannunsa.

Abin da Hunturu Ke Yi

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele yake fitowa, watau busasshen gindin wani tsohon tafki a arewacin Chadi. Kafin ta iso mana babu sauran laima a cikinta. Ɓarnarta ga waɗannan shuke-shuke ta hanya huɗu take zuwa.

Ta farko, wadda ta fi kisa, ita ce haɗuwar jiƙaƙƙiyar ƙasa da daren sanyi. Maigida ya tafi Ikko ya bar wa ƙanensa ko ɗansa amanar ban ruwa. Yaro ya duba ya ga saman ƙasar tukunya ya bushe ƙamas, gama iska ta busar da shi cikin awa biyu, bai san can ƙasa a jiƙe take ba. Sai ya ƙara ruwa, da yamma kuma, bayan ya dawo daga makaranta. Shuka tana barci ba ta sha ba. Saiwa ta kwana cikin ruwan sanyi, gobe ma haka, jibi ma haka, sai ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya kai ruwa sama, saboda haka ganye sai ya fara yanƙwanewa. Yaro ya ga ya yanƙwane ya ce ƙishirwa ce, ya ninka ruwan. Kafin a farga gindi ya yi laushi, ya yi rawaya, yana wari, in ka ja ganye ya biyo hannunka.

Ta biyu ita ce iskar kanta. Babbar shuka mai cikakken rumbu ba ta damu da ita ba, sai dai bakin ganye ya ɗan ƙone. Waɗanda ke shan wuya su ne ƙananan dashe da rassan da aka kafa ba su riga sun yi saiwa ba, domin ba su tara komai ba tukuna. A nan ya kamata a bambanta ciwo da al'ada. Zabuwa takan rikiɗe ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa da rani, ganyenta ya lanƙwashe ciki. Ƙariya da aguwa sukan kaɗe ganye su tsaya tsirara. Wannan lafiya ce, haka suke yi a daji kowace shekara, da ruwa ya sauka za su koma kore.

Ta uku ƙura. In ta kwanta a ganye takan tare haske, ta toshe ƙofofin numfashi, ta kuma zama mafaka ga ƙwari. A wannan lokaci ne ake ganin waɗansu fararen ƙwari masu kama da ɓarɓashin auduga sun maƙale a tsakanin ganyaye suna tsotsar ruwa, da waɗansu jajaye 'yan ƙanana masu saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganyen ƙariya. Inda suka huda nan ruɓa ke samun ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta huɗu awaki da gara da wuta. Da ciyawa ta ƙare, akuya ba ta barin kowane kore ba ta ɗanɗana ba, in ma ba ta ci ba ta tattake ko ta ture tukunya. Gara kuma tana bin damshi da busasshen kara. Maganar wuta za mu zo kanta a gaba.

Darasin Duwatsu

Wanda ke son ya san yadda ake riƙe waɗannan shuke-shuke ya dubi inda suke fitowa da kansu. Ƙasar Suleja ƙasar duwatsu ce, babbansu shi ne Dutsen Zuma da ke kusa da Madalla, wanda aka sa hotonsa a takardar naira 100 da aka fitar a 1999. A irin waɗannan duwatsu na tsakiyar Nijeriya ne ake samun tinya da zabuwar daji sun kafu a tsagar dutse. Ba wanda ke ba su ruwa tun daga ɗaukewar damina a ƙarshen Oktoba har saukarta a Afrilu, amma ga su nan shekara da shekaru. Ƙasar da suke ciki tsakuwa ce wadda ruwa ba ya kwana a cikinta. Dutse yakan sha zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Sa'an nan yana tare musu iska ta gefe guda. Aikin mai lambu shi ne ya kwaikwayi wannan a tsakar gidansa.

A fara da ruwa. Kada a dogara da ganin saman ƙasa. A sa busasshen tsinke har gindin tukunya a zaro, in ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa a ƙyale ta. Babbar shuka a tukunya ba ta bukatar ruwa fiye da sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 a lokacin sanyi. Wadda ke cikin ƙasa ta yi shekara biyu ko fiye tana iya wuce hunturu duka da ban ruwa sau biyu ko uku, ko ma babu. Ranar da za a ba ta, a ba ta da hantsi, don ƙasa ta samu yinin tsanewa kafin dare. A zuba a gindi har ya fito ta ƙasan tukunya, sa'an nan a rabu da ita. Kada a zuba a tsakiyar ganyen zabuwa inda ruwa zai taru, kada kuma a ba ta ruwan wanke-wanke mai omo da maiƙo. Taki kowane iri ne, na shanu ko na zamani, a ajiye shi sai bazara. Shukar da ke barci ba ta cin abinci, takin sai dai ya ƙone mata saiwa.

Sai tukunya. A nan mutanen Suleja sun fi kowa sa'a, domin ƙasarsu ta shahara da ginin tukwane. Matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, sun gaji sana'ar kaka da kakanni. A garin nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, wadda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta yi suna a duniya kafin rasuwarta a 1984, har aka sa hotonta a takardar naira 20. Amma tukunyar da shuka ke so ba mai ƙyalƙyalin nan ba ce ta ado a falo. Ta gargajiya take so, wadda aka gasa a fili, mai tsattsafo kamar randa. Irinta tana barin iska ta shiga, ruwan da ya yi yawa ya fita ta jikinta. Roba da gwangwanin fenti da baƙar leda kuwa suna riƙe ruwa, su yi zafi da rana su yi sanyi da dare. Sai dai a lura da abu ɗaya. Tsattsafon nan da ke sanyaya ruwan randa shi ne zai sanyaya ƙasar tukunya in aka jiƙa ta da yamma. Wannan ma wani dalili ne na ban ruwa da hantsi. Kowace irin tukunya ce, tilas a huda gindinta, a ɗora ta a kan duwatsu uku kamar murhu don ruwa ya samu hanya, gara kuma ta rasa ta hawa. Tsohuwar tukunyar da ta tsage aka daina ɗebo ruwa da ita ta isa.

Ƙasar da za a zuba kuma a haɗa kashi biyu na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda ake samu a bakin Kogin Iku, da kashi ɗaya na ƙasar lambu, a watsa ɗan dakakken gawayi. Laka da yumɓu ba su dace ba. Amma in shuka tana lafiya kada a tumɓuke ta don canza mata ƙasa a cikin sanyi, a bari sai ƙarshen Fabrairu ko Maris.

Sai wurin ajiyewa. Tun da iska daga arewa maso gabas take zuwa, a jera tukwane a jikin bango ta gefen kudu ko yamma. A watannin nan rana ta kudu take karkata, saboda haka bangon da ke fuskantar kudu yakan yini yana shan zafi, ya kwana yana ɗumama abin da ke jikinsa, kamar dai yadda dutse ke yi. A haɗa su kusa da juna, manya su tare wa ƙanana. Mai lambu a fili ya kafa zana ko dannin kara ta arewa da gabas. Masu reno a bakin rafi su sani cewa iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take yi ta kwanta a kwari, shi ya sa fadama ta fi tudu sanyi da asuba. Kuma daren da sama ta washe, iska ta tsaya cak, shi ne ya fi sanyi, domin zafin ƙasa yana ficewa sama ba abin da ya tare shi. A irin wannan dare tukunyar da ke ƙarƙashin rumfa ko inuwar itace ta fi ta fili ɗumi.

Lulluɓi na ƙananan dashe ne kawai. A kafa 'yan sanduna a shimfiɗa buhun algarara ko tsohon zane ko tabarma a kansu da magariba, a yaye da hantsi. Kada a yi da leda, gama takan tara gumi a kan ganye cikin dare, in kuma aka mance da ita rana ta fito sai ta dafa abin da ke ciki. Ƙura kuma a riƙa goge ta da ɗanyen tsumma sau ɗaya a mako. In an ga fararen ƙwarin nan, a daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a shafe ganyen da shi lokacin da rana ba ta da zafi, ba tare da an jiƙa ƙasar ba.

In Ɓarna Ta Riga Ta Auku

Kada a yi saurin zubarwa. A latsa gindin ƙariya da yatsa, in yana da tauri tana da rai ko da babu ganye ko ɗaya. In ya fara laushi a tumɓuke ta, a kakkaɓe ƙasar, a sa wuƙa mai tsabta a yanke duk inda ya yi baƙi har sai an kai farin nama. A barbaɗa toka ko garin gawayi a wurin yankan, a ajiye ta a inuwa inda iska ke shiga kwana biyar zuwa bakwai har ciwon ya kame. Sa'an nan a dasa ta a busasshen yashi, kada a ba ta ruwa sai bayan mako guda. Haka ake yi wa zabuwa. In ma uwar ta riga ta tafi, a duba 'ya'yan da ke fitowa a gefenta, sau da yawa suna nan lafiya, a raba su a dasa dabam. Ganyen da ya ruɓe a cire shi nan da nan. Wanda bakinsa kawai ya bushe kuwa a bar shi sai sanyi ya wuce, domin yana kare na ciki.

A nan akwai gargaɗi babba. Farin ruwan tinya da ƙerana yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Ƙariya kuma guba ce, da ita maharban dā a wurare da dama ke haɗa dafin kibiya. Kada a sa yara wannan aiki. Babba ma ya rufe hannunsa, ya kauce wa sosa ido, ya wanke wuƙar sosai, kada kuma a mai da ita madafi. In tsautsayi ya sa ruwan ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a ciki na tsawon lokaci, sa'an nan a garzaya asibiti. Ruwan rawayan da ke ƙarƙashin fatar zabuwa shi ma yana sa gudawa mai ƙarfi, mai juna biyu kada ta sha shi.

Shingen Gona da Ƙunar Daji

Shingen ƙerana tsohuwar dabara ce. A ƙauyukan saman dutsen Jos da shi ake kewaye gidaje da gonaki tun zamanin yaƙe-yaƙe, a Jamhuriyar Nijar kuma ana kafa aguwa don tsai da rairayin da ke binne gonaki. Shinge ne da ba ya son kuɗin waya ko siminti, kuma sau da yawa shi ne shaidar iyakar gonar wanda ya yi nisa da gida. Sanyi ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi wutar daji ce, wadda masu farautar gafiya da masu neman sabuwar ciyawa kan cinna a watannin nan. In wuta ta bi busasshiyar ciyawar da ke gindinsa, ruwan cikin karan yakan tafasa, bayan 'yan kwanaki shingen ya zube. Maganin abin shi ne a share ciyawa taku uku ko huɗu ta kowane gefe tun kafin ta gama bushewa, a kwashe ta a kai nesa. Inda shinge ya yi giɓi a bari sai ƙarshen rani, a sare rassa a bar su su sha iska 'yan kwanaki, a kafa su kafin ruwan farko. Shingen da ya ƙone yakan buɗe hanya ga shanu, daga nan kuma sai rigimar da ba a san ƙarshenta ba.

Waɗanda Suka Taho da Su

Wasu 'yan'uwa sukan taho da ɗan zabuwa daga gida su dasa a bayan shago ko a barandar haya. A Ikko da Fatakwal lissafin juyawa yake yi. Hunturu shi ne lokacin hutunta, damina ce abokiyar gabarta, musamman ruwan Yuni da Yuli da kan kwana ya yini yana zuba. A sa ta ƙarƙashin rumfa inda haske ke isa amma ruwan indararo ba ya dukanta, a ƙara yawan yashi a tukunyar, a ɗaga ta daga ƙasa saboda ambaliya.

Waɗanda kuma ci-rani ya kai su Landan ko Nuyok ko Kanada, su ne ke fuskantar ƙanƙara ta gaske. Su shigar da tukwanensu ɗaki tun cikin Oktoba kafin daren farko na daskarewa, su ajiye a tagar da ta fi samun rana, kada ganye ya taɓa gilashi, kada kuma ya kusanci na'urar ɗumama ɗaki. Ruwa sau ɗaya a wata ya isa har sanyi ya fita.

Saƙo Zuwa Gida

Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma ba kowa ke samun zuwa gida a wannan lokaci ba. To, in ka buga waya yau ka gama tambayar lafiyar iyali, ka faɗa wa uwargida ko ƙanenka magana a fili yadda ba za a mance ba. A matsar da tukwane jikin bango ta kudu. A daina ban ruwa da yamma. Kada a ba da ruwa sai tsinke ya fito a bushe, in ganye ya yi ja ko ya kaɗe kada a firgita a ƙara. A share ciyawar gindin shinge cikin makon nan. Ka kuma ce su ɗauki hoton gindin kowace shuka su turo maka ta WhatsApp bayan kowane mako biyu, domin a gindi ciwon ke farawa, ganye shi ne na ƙarshen nunawa.

Duk wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai kula. Allah Ya sa mu ga bayan sanyin nan lafiya, Ya kuma kai mu damina mai albarka.